Dajin Hukuma da Gawon Manomi: Abin da Iyakar Magama Ta Raba

A Magamar Jibiya hanya ke rabuwa biyu. Wadda ta miƙe yamma takan ratsa garin Jibiya ta nufi Gurbin Ɓaure da Zurmi har Ƙauran Namoda. Wadda ta karkata arewa kuwa, da zarar an wuce shingen kwastan sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, geronsu ɗaya, da yawansu surukan juna ne, kuma hadarin da ya taso daga gabas ba ya tsayawa a buga masa hatimi kafin ya zubar da ruwa. Duk da haka, cikin shekaru arba'in da suka wuce itatuwansu sun sami makoma iri biyu. Kudu maso yamma da Magama akwai dajin Rugu, wanda doka ta keɓe ta hana manomi sa masa gatari, amma gefunansa suka yi ta zaizayewa, cikinsa kuma ya zama mafakar 'yan bindiga. Arewa da ita, a gonakin jihar Maraɗi da ta Damagaram, itatuwa sun dawo da yawan da ya ba masana mamaki, kuma mafi yawansu babu wanda ya dasa su.

An saba ɗora wa manomi laifin ƙarewar daji, a ce shi ke sassabe, shi ke ƙona saura, shi ke sare ice ya kai kasuwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai tarihin wannan yanki ya nuna cewa manomin da ya share ƙasa a wani zamani shi ne ya raya ta a wani, kuma abin da ya sauya tsakanin zamunan biyu shi ne amsar tambayar da kowane magidanci kan yi kafin ya bar tsiro ya girma a gonarsa: idan ya zama bishiya, ta wa ce?

Dajin da yaƙi ya shuka

Yawancin masu jin sunan Rugu a labarai sun ɗauka daji ne da ya kasance haka tun fil azal. Masana tarihin Katsina, musamman marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, sun nuna cewa wani babban ɓangare nasa ƙasa ce mai garuruwa da gonaki kafin ƙarni na 19. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807 ƙarƙashin Ummarun Dallaje, gidan sarautar da aka tumɓuke ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi a wajajen 1819. Gobirawa su ma suka zauna a Tsibiri, kusa da su, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama fagen hari da ramuwar hari na kusan ƙarni guda. A farkon shekarun 1840 garuruwan ƙasar Ruma suka yi bore tare da goyon bayan Maraɗawa, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su da tsanani, mutane suka watse. Gonakin da aka bari suka koma saura, saurar ta koma kurmi, kurmin ya zama hanyar da mahayan Maraɗi, irin su rundunonin Ɗan Baskore, ke bi su faɗa wa ƙauyukan kudu.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ayarin gishiri daga Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ta gabas da inda Jibiya take. Abin da ya tarar shi ne daji mai hatsari wanda ba a shiga sai cikin taro, da kufan garin Ɗankama a tsakiyarsa. Ke nan ganuwar itatuwan da ta raba masarautun biyu tsoro ne ya tsare ta. Ba a yi wata dokar gandun daji ba, ba a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. Manomi ya san idan ya yi nisa da ganuwa don neman sabuwar gona, mai yiwuwa shi da iyalinsa su ƙare a kasuwar bayi.

Kusa da garuruwa kuwa, inda ake noma kowace shekara, wata ƙa'ida ce ta daban ke aiki. Ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya da gawo suna da masu su. Ana gadon bishiya, ana iya jinginar da ita, wani lokaci ma gona ta wani ce ɗorawar cikinta ta wani. A Damagaram har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ko da an yi wa labarin ƙarin gishiri, ya nuna darajar da bishiyar ke da ita a idon masu mulki da talakawa tun kafin zuwan Turawa.

Gyaɗa, haraji da malamin daji

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 tawagar haɗin gwiwa ta Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasa tana kafa alamun iyakar da yau ake tsallakewa a Magama. Da hare-hare suka lafa, abin da ya tsare dajin ya kau. Mutane suka fito daga cikin ganuwa suka yi ta kafa ƙauyuka da tungaye. Haraji ya koma na kuɗi, kuɗi kuma sai da gyaɗa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗar Maraɗi kanta ta daɗe tana bi ta wannan hanya ta Jibiya da Katsina zuwa tashar jirgin Kano. Kowace sabuwar gonar gyaɗa daga jikin daji aka yanke ta, kuma hukumar da ke karɓar harajin ita ce ta fara kuka cewa daji na ƙarewa.

Maganin da Turawan Ingila suka kawo daga Indiya suka ɗauko shi. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 sun ba gwamnati da hukumomin En'e ikon shata wani yanki su ce daga yau ba noma, ba sara, ba farauta sai da takarda. Burin da aka sa gaba shi ne a keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Najeriya, ko da yake abin da aka samu bai wuce kusan kashi goma cikin ɗari ba. Ta haka ragowar tsohon fagen yaƙin nan ta zama gandun daji na En'en Katsina, wanda takardu ke kira Ruma da Kukar Jangarai. Malamin daji ya zama sabon mutum a rayuwar ƙauye, mai kaki da littafin tara. Mai neman azara ko turmi ko ƙotar fartanya ya koyi cewa abin da kakansa ke ɗauka kyauta yanzu sai an biya, ko a faki ido.

A tsakiyar shekarun 1930 wannan iyaka ta shiga muhawarar duniya. Wani farfesan ilmin daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya Afirka ta Yamma a 1934, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara na tunkaro arewacin Najeriya, ya kuma ba da shawarar a kafa faffaɗan shinge na itatuwa a tare ta. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi ɓangarorin iyakar biyu daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai ga alamar hamada na tafiya kamar runduna ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa nan da can, inda noma ya faɗaɗa kuma aka daina barin gona ta huta. An ce Stebbing ya zo ne da rani, ya ga ƙasa fari fat, bai jira ya ga yadda takan koma ba bayan ruwa uku. Amma hoton da ya zana ya fi rahoton kwamitin daɗin faɗa, shi ya sa ya rayu. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Bafaranshe André Aubréville, shi ne daga baya, a 1949, ya yaɗa kalmar da ake fassarawa da kwararowar hamada. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, a siffarsa ta farko, jikan shawarar Stebbing ne.

Faransawa sun fi Ingilishi zurfafawa. Dokarsu ta 4 ga Yulin 1935 ta ɗauki duk ƙasar da ba ta da mai ita a rubuce a matsayin mallakar hukuma, ta kuma jera wasu itatuwa da aka haramta sarewa ko sassaƙe su ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Nijar mai 'yancin kai ta gaji wannan tsari, ta sake ƙarfafa shi da dokar daji ta Maris 1974, lokacin da fari ke kan ganiyarsa. Gawo na cikin jerin. Niyyar mai kyau ce, amma ga yadda ta kasance a gona: idan manomi ya bar gawo ya girma, ya jawo wa kansa ziyarar jami'in daji mai ɗamara, wanda zai iya cin sa tara don ya datse reshe ɗaya. Idan kuwa ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, babu wanda zai sani. Hankali ya nuna masa abin yi. Malaman gona na zamanin su ma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, aka cire kututture don garmar shanu ta wuce.

Da aka kai tsakiyar shekarun 1970 babu sauran saura a yawancin ƙasar Maraɗi. Iskar farkon damina kan taso ta binne shuka da yashi, a sake shuka sau biyu ko uku. Mata kan yi tafiya mai nisa neman ice, idan ya faskara a koma ga kara da kashin shanu, wato a ƙona abin da ya kamata ya koma taki. Ƙungiyoyin agaji suka zuba kuɗi a gidajen renon dashe, aka kawo dogon yaro da turare. In ban da wurare kaɗan, kamar shingayen tare iska da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin Majiya a 1975, yawancin dashen bai kai shekara ba. Awaki sun ci, gara ta ci, kuma babu wanda zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba talatin ya ba bishiyar da ba tasa ba.

Sassabin zamani

Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya zo Maraɗi a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, kuma shekarunsa na farko a irin wannan dashe marar albarka suka tafi. A 1983, yana kan hanyar kai dashe wani ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai ya lura da ƙananan kurarrajin ganye da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne. Da ya duba sai ya ga toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna turo rassa, kowace shekara ana sassabe su kafin shuka.

Dabarar da ta biyo baya ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko lauje. A kowane kututture manomi zai zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya yi wa waɗanda ya bari aski daga ƙasa. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, tsiron kan yi saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Mutanen Maraɗi suka sa wa abin suna sassabin zamani. Shi kansa Rinaudo bai ce ya ƙirƙiro wani sabon abu ba, domin barin tsiro a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Abin da ya ɓace shi ne dalilin yin ta.

Kafin dalilin ya dawo sai da aka sha wuya. Farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakokin Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilun shekarar, hatsin da kan bi ta Magama ya tsaya, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Shirin da Rinaudo ke ciki ya raba abinci a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. An raya kusan itatuwa dubu ɗari biyar. Da aka yi girbi mai kyau aka daina rabon abinci, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku nasu. Wannan ɓangare na labarin ba a cika faɗarsa ba a tarurrukan sauyin yanayi, alhali ya fi sauran koyarwa: an biya mutane su tsare bishiya, sun tsare ta daidai tsawon biyan.

Waɗanda suka bar nasu, duk da ana yi musu dariyar ƙazamar gona, su ne suka sauya lissafin. Sun sami icen girki a bakin ƙofa, sun sami na sayarwa, kuma geronsu bai ragu ba. A gindin gawo ma ƙaruwa ya yi. Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta, tana kaɗe ganyenta da damina ta yi kore da rani, saboda haka ba ta yi wa shuka inuwa, ganyen da ta zubar taki ne, saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yanta abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka kwanta a inuwarta kuma su bar kashinsu a wurin. Kalgo da sabara da geza ba su kai ta daraja ba, amma suna karya iska, suna tara ƙurar da ke ɗauke da taki, suna ba da ice. Kuka kuwa kuɗin mata ce, domin ganyenta ba ya kwantai a kasuwa.

Sai kuma siyasa ta taimaka ta hanyar da ba a tsara ba. A watan Mayun 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa sai an sa mutanen karkara a cikin aikin. Jami'an daji na yankin suka yarda su sassauta tara ga wanda ya raya bishiya a gonarsa. Kountché ya rasu a 1987, kuɗin yuraniyom ya ja baya, hukuma ta rasa ƙarfin zagaya ƙauyuka. A wannan sarari manoma suka fara ɗaukar itatuwan gonakinsu a matsayin nasu tun kafin doka ta ce haka. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo ne suka tarar da abin ya riga ya zama jiki.

Ba a gane girman abin ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da masanin Nijar Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma bi ƙauyuka da ƙafa. Ƙiyasinsu shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsin da zai kai tan dubu 500 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma akwai masu ganin an yi masa karimci. Haka nan ruwan sama ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, wanda ya taimaka. Amma ruwan bai tsallake Najeriya ba, kuma masu binciken sun ba da rahoton cewa a wasu sassan iyakar ana iya gane inda Nijar ta fara daga yawan itatuwan gona kaɗai. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Abin bai tafi sumul ba. Bishiyar da ta yi daraja takan jawo ɓarawon dare, makiyayi kuma kan sassaƙe gawo don dabbobinsa kamar yadda ya saba. A ƙauyen Ɗan Saga da ke ƙasar Agye sai da aka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da mata da makiyaya, da ƙa'idoji da tarar da mutanen gari suka yanka wa kansu. Wanda ba shi da gona kuwa, wanda a da yake tsintar ice a ko'ina, yanzu ya tarar kowane reshe yana da mai shi.

Kudu da shinge

Kada a ɗauka manomin Najeriya bai san darajar bishiya ba. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa a ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, yawan itatuwan gona bai ragu ba duk da fari da yunwar ice ta birnin. Motocin ice daga dazuzzuka masu nisa suke ɗaukowa, wato daga wuraren da bishiya ba ta da mai ita sai hukuma. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da Rugu.

A shekarun 1960 an mayar da gandun Ruma da Kukar Jangarai wurin kiwo na gwaji tare da taimakon Amurka, aka yi madatsun ruwa da rijiyoyi, kuma dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba irin wannan tsari gindin zama. Bayan sauye-sauyen ƙananan hukumomi na 1976 En'e ta kau, kulawar ta koma hannun ma'aikatun da ba su da kuɗin mai balle na gyaran madatsa. Jama'a kuma na ƙaruwa: ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Ƙaramin manomi ya ci gefen daji da fartanya, mai hali ya ci tsakiyarsa da takarda da tarakta. Burtali ya toshe, mashaya ta zama gona. Makiyayi da manomi, waɗanda a da ke musayar taki da kara, suka koma haɗuwa a gaban alƙali, daga baya suka daina zuwa wurin alƙalin ma.

Gwamnati ba ta zauna haka ba, ta yi dashe. An yi shirin dashen itatuwa na yankunan da ke fama da fari a ƙarshen shekarun 1970, aka yi shirin dashe na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, sannan aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa da dokar 2015. Layukan dogon yaro da turare da ake gani a arewacin jihar daga nan suka samo asali, kuma sun yi amfani. Sai dai kusan duk shirye-shiryen sun ɗauki manomi a matsayin wanda za a wayar wa kai a miƙa masa dashe a leda. Arzikin man fetur ma ya taka rawa ta bayan fage. Muddin akwai takin zamani mai rahusa, gawo bai zama dole ba. Maƙwabcinsa na Madarunfa da ba shi da wannan gata dole ya nemi taki a jikin bishiya. Ƙasar Nefal ta bi irin wannan hanya ta dawo: ta mayar da dazuzzuka mallakar gwamnati a 1957, sara ya ƙaru, ta miƙa su ga ƙungiyoyin ƙauyuka da dokar 1993, dajin ya farfaɗo.

Akwai kuma tambayar abin da magidanci zai yi da watanni bakwai na rani. A ƙasar Jibiya hanyoyin ba su da yawa: noman rani, ci-rani, hidimar iyaka, ko gatari. An gina madatsar ruwan Jibiya a kan kogin Gada, wanda ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, aka kammala ta a farkon shekarun 1990 da niyyar shayar da kusan hekta 3,500. Tsarin ya dogara da injinan tura ruwa masu shan man dizal, kuma ya shafe shekaru da yawa ba ya aiki yadda aka tsara. Hidimar iyaka kuwa, daga dako da lodi da acaɓa har zuwa fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, tana rayuwa ne da izinin Abuja. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024. Duk ranar da aka saukar da shinge a Magama, ɗaruruwan matasa kan tashi ba su da abin yi, a daidai lokacin da tsadar kananzir da gas ke mayar da gidajen birnin Katsina ga ice da gawayi. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san inda za su nufa.

Nijar ma ba ta tsira ba ta wannan fuska, domin nasarar da ta samu a gona take. Dajin Babban Rafi, kudu da Maraɗi a kan iyaka, wanda giwaye kan ratsa a da tsakaninsa da dazuzzukan Najeriya, shi ke ciyar da murhunan birnin Maraɗi. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 aka gwada damƙa kula da shi ga ƙungiyoyin masu saran ice na ƙauyuka, dokar 1992 kuma ta kafa kasuwannin ice na karkara inda wani kaso na harajin ke zama a ƙauye. Tsarin ya sa kuɗi a hannun mutanen wurin, amma bai hana gonaki cin gefen dajin ba, kuma ƙayyade yawan abin da za a sara ya fi sauƙi a takarda.

Yanzu tsaro ya shafe duk wannan lissafi. Daga Rugu da dazuzzukan Zamfara da ke manne da shi ake kai hari Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta kuma hana manyan motoci ɗauko ice daga daji, saboda zargin da ake yi cewa ta nan kayan masarufi ke isa ga 'yan bindiga. Abin da malaman daji suka kasa hanawa cikin shekaru masu yawa ya tsaya cikin 'yan kwanaki.

Dubban mutanen ƙauyukan bakin daji sun koma cikin garin Jibiya da Katsina, wasu dubban daga Katsina, Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019. Duk inda suka sauka sai sun dafa abinci, kuma icen daga itatuwan da ke kusa da gari yake fitowa, wato daga gonakin masu masaukinsu. Gonakin da suka baro a yammacin Jibiya da Batsari kuwa, wasu sun yi damina da yawa ba a kai musu fartanya ba. Kututturen sabara da kalgo da ke cikinsu suna ta toho kamar yadda suka yi a ƙasar Ruma bayan 1840, babu mai sassabe su, babu kuma mai zuwa ya zaɓi reshen da zai bari.